Hannun Zarami

Talata, 14 ga Afrilu, 2020, da hantsi

Kwana shida ke nan da dawowata gida Haɗeja. An rufe makarantar da nake koyarwa a Kano saboda korona, na ɗauko matata Adila muka biyo ta ƙauyuka, don an ce an toshe babban titi. Zazzaɓin da na yi da isowarmu malariya ce. Na sha magani ya sauka. Saura ɗan tari, shi ma zafin gari ne.

Baba ne ya kasa zama. Shekara talatin da biyu yana malamin gona, babu fadamar da bai taka ba daga nan har iyakar Yobe, yau an ce ya zauna a zaure ya yi ta kallon bango. Da safe ya kira ni.

"Misbahu, motar nan taka ta ado ce?"

"Baba, an ce kowa ya zauna a gida."

"Wa zan taɓa a cikin mota? Ka kai ni in ga garuruwana. Ba zan ma sauka ba."

Adila ta ce kada mu je. Na ce mata ba da ita ake magana ba. Muryata ta fi yadda na yi niyya ƙarfi.

Alhamis, 16 ga Afrilu, bayan la'asar

Garin Malam Madori. Wanda ya ce ba zai sauka ba, kafin in kashe mota ya buɗe ƙofa. Ya kai ni tsohuwar tashar jirgin ƙasa, ya nuna mini inda ake jibge buhunan gyaɗa lokacin yana saurayi. Yanzu awaki ne kwance a kan dogo. Ya yi ta surutu, ya yi ta dariya. Rabon da in ga haƙoransa haka tun Inna tana da rai.

A hanyar dawowa, a bakin wani ƙauye, samari sun gicciya itace a titi. Sun kama wani ɗan acaɓa wai ya ɗauko baƙo daga Kano. Mutum huɗu a kansa. Ɗaya yana zuba masa gora a gadon baya, shi kuma ya rufe kai da hannuwa yana cewa shi ɗan nan ne, sun san ubansa. Baba ya ce in tsaya. Na sauka daga titi, na kewaye su ta cikin gona, na taka mota. Lambar motata ta Kano ce.

Asabar, 18 ga Afrilu, da yamma

Yau Auyo, daga nan muka gangara ƙauyen su Baba Buba. Ba zan rubuta sunan ƙauyen ba. Baba Buba tsohon masunci ne, abokin Baba tun shekarar wata ambaliya da ya yi kwana tara yana yawo da shi a kwalekwale suna raba iri. Da suka ga juna babu wanda ya tuna da wata cuta. Suka rungume.

Ɗansa Zarami ne ya tuƙa mu cikin ruwa. Sa'ana ne, dogo, ba ya yawan magana. Ya kalli motar, ya kalle ni.

"Malam, daga Kano kake?"

"Na daɗe da dawowa."

Ya ja rawaninsa ya rufe hanci. Ubansa ya ce, "Kai, cire wannan abu, ɗan Shu'ibu ne." Bai cire ba.

Ruwa ya ja baya, ciyawar kacala ta cinye rabin hanya, amma tsuntsaye kam sai wanda ya gani. Dinya, kirinjijiya, balbela fari fat a kan kowace bishiya. Baba yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya kamar mai kiran ɗalibai. Da muka fito, Inna Mairam, matar Baba Buba, ta aiko da tuwon shinkafa da miyar tarwaɗa. Kwano ɗaya muka ci. Tari ya sarƙe ni, Baba Buba ya miƙo mini kofin da yake shan ruwa, na sha, ya karɓa ya shanye sauran.

Yaji ne ya sarƙe ni.

Litinin, 20 ga Afrilu, bayan magariba

Birniwa. Yashi, rana, raƙuma biyu a gindin aduwa. Baba ya so ganin wata rijiya da aka haƙa a zamaninsa, muka same ta ta rufta. Na tsaya sayen ruwa, mai shagon ya leƙa lambar mota ya ce, "Ku ne masu raba mana ita gari-gari." Ban san lokacin da na cakumi wuyan rigarsa ba. Sai da na ji maɓalli ya tsinke a hannuna. Baba ya fito ya ba shi haƙuri, shi da furfurarsa.

A mota ya ce, "Wannan zuciyar taka, tun kana yaro nake jin tsoronta." 

Juma'a, 24 ga Afrilu, bayan asuba

An ɗauki azumi. Jana'iza uku jiya a unguwarmu, duk tsofaffi. Kowa yana cewa zafi ne.

Laraba, 29 ga Afrilu, da azahar

Baba Buba ya rasu yau da safe. Kwana biyar yana zazzaɓi, numfashi ya gagare shi. Wani mai kifi ne ya kawo labarin, ya faɗa daga bakin ƙofa, ya ƙi shigowa.

Baba ya ce gobe za mu je ta'aziyya. Adila ta biyo ni ɗaki ta ce, "Malam, don Allah kada ku je. Ka san abin da za su ce." Na ce me za su ce? Ta nufi ƙofa. Na ce me za su ce, ki faɗa mana. Ta fita.

Mutumin ya haura saba'in. Tsofaffi suna mutuwa kowace bazara.

Alhamis, 30 ga Afrilu, da yamma

Mun je. Mun dawo. Ba ni na fara ba.

Juma'a, 1 ga Mayu, da hantsi

Na wanke kujerar gaba sau biyu. Gilashin gaba ya tafi gaba ɗaya, sai ɓaraguzai a cikin takalmin Baba. Adila ta jiƙa rigata a bokiti, ruwan ya canza launi, ta zubar ta sake. Ba ta tambaye ni ba.

Baba ya yi buɗa baki a ɗakinsa. Na kai masa kunu, ya ce in ajiye a ƙasa. Akwai ɗinki uku a goshinsa.

Ba ni na fara ba. Akwai shaidu.

Lahadi, 3 ga Mayu, bayan la'asar

Bari in rubuta yadda aka yi tun ban fara canza shi a kaina ba.

Ba mu kai ƙofar gidan ba. A bakin gari, wajen da ake shanya komar kamun kifi, mutane sun fi ashirin suka tare hanya. Zarami ne a gaba, da filafilin kwalekwale a hannunsa. Baba ya sauke gilashi ya yi sallama. Babu wanda ya amsa.

Zarami ya ce, "Ku juya."

Baba ya ce, "Ɗana, gaisuwa muka zo. Abokina ne."

"Kun kashe shi, kun dawo ku ƙarasa sauran? Inna tana kwance. Ku juya."

Na sa giyar baya. Wallahi na sa. Amma mutane sun cika bayan motar, wani yana dukan murfin but da hannu, wani yana ihu a ƙone ta. Baba ya buɗe ƙofa zai fita ya yi musu magana. A daidai lokacin Zarami ya ɗaga filafilin ya sauke a kan gilashin gaba. Motar ya nufa, yanzu na sani. A lokacin abin da na gani kawai shi ne jini yana gangarowa ta girar Baba yana shiga gemunsa.

Sifanar kwance taya tana ƙarƙashin kujerata. Tun daga Kano take nan. Na zaro ta na fita.

Zarami ya ɗaga hannun dama ya kare kansa. Na ji ƙarar. Irin ƙarar da busasshen kara yake yi. Ya durƙusa. Da a nan na tsaya, da zan iya cewa kare ubana na yi.

Mutanen suka ja baya, babu wanda ya taɓa ni. Abin da ya tsayar da ni muryar Baba ce, yana ta kiran sunana. Na duba ƙasa na ga hannun. Ban san sau nawa na sauke masa sifanar ba. Adila ta ce jinin da ke rigata har kafaɗa.

Talata, 5 ga Mayu, bayan azahar

Mutanen su Zarami sun zo. Babura uku, mutum shida, ana tsakar rana kowa yana kwance da azumi. Suka farfashe sauran gilasan motar, suka caccake taya biyu. Sannan suka fara jifa ta kan katanga. Adila tana tsakar gida tana tankaɗe. Rabin bulo ya same ta a kafaɗa, wani dutse ya tsaga mata kunne.

Na ɗauko addar da ke bayan ƙofa. Na kai zaure, sai ga Baba tsaye a bakin ƙofa, ya riƙe dogaran ƙofar da hannu biyu.

"Matsa, Baba."

Ya kwaɗa mini mari. Shekarata talatin da huɗu, bai taɓa ba. Hannunsa zafi rau kamar an ciro shi daga wuta. Na saki addar ba don marin ba, don zafin hannun.

Maƙwabta suka fito, masu baburan suka gudu. Mai unguwa ya zo ya tsaya daga nesa, da takunkumi a fuska, ya ce maganar ta kai gaba, kada in bar gari.

Alhamis, 7 ga Mayu, da safe

Baba ya sha azumi. Ya ce abinci ba ya masa ɗanɗano. Na sayo maganin malariya.

Juma'a, 8 ga Mayu, da yamma

Adila tana kwana da kunne a naɗe. In na shigo ɗaki sai ta tashi ta sami wani aiki a waje. Yau na ɗaga hannu zan ɗauko hula a kan ƙusa, ta kauce.

Asabar, 9 ga Mayu, bayan la'asar

Mai kifin nan ya sake zuwa. Mai ɗori ya ɗaure hannun Zarami, ya kwana biyar yana kumbura, ya yi baƙi, ya fara wari. Da aka kai shi asibiti sai aka yanke, daga ƙasan gwiwar hannu. Inna Mairam ta tashi, ta warke.

Na shiga wajen Baba in gaya masa, na tarar ya riga ya ji ta taga. Yana zaune ya jingina da bango, yana jan numfashi kamar mai hawan tudu. Na zauna a bakin ƙofa.

Na ce, "Baba, zazzaɓin da na yi da na dawo."

Ya ce, "Na sani."

"Malamai biyu a makarantarmu sun kwanta kafin in taho. Ban gaya wa kowa ba."

"Na sani, Misbahu. Ina jin tarinka ta bango. Ni na ce ka kai ni." Ya huta. "Wannan namu ne mu biyu. Hannun yaron kuwa naka ne kai kaɗai. Ka gyara tayoyin. Jibi za ka mayar da ni."

Litinin, 11 ga Mayu, bayan magariba

Da ƙyar nake riƙe biro. Idona na hagu ya rufe.

Na kwantar da Baba a kujerar baya, na rufe masa baki da hanci da rawani, ni ma na rufe nawa. Mota babu gilashi ko ɗaya, iska mai zafi tana dukanmu har Auyo. A bakin garin nan dai suka tare mu. Wannan karon na kashe mota, na fito, na jefar da makullin a ƙasa, na sa hannuwana a baya.

Wani ya fara da gora a cinyata. Wani ya biyo da dunƙule. Na faɗi, na tashi, na mayar da hannuwa baya. Baba ya sa na yi masa rantsuwa tun a gida ba zan rama ba. Ina jin haƙorina yana yawo a bakina, ina jin zuciyar nan tana taso mini, na riƙe wuyan hannuna na dama da na hagu har farce ya shiga nama.

Sai aka buɗa. Zarami ne, an sallamo shi jiya, ya rame, dungulmin a naɗe da farin bandeji an rataye shi a wuya. Ya tsaya a gabana. Sannan ya dunƙule hannun hagu ya kawo mini a ido. Bai iya da hagu ba, dukan ya kai shi ƙasa shi ma, ya faɗi a kan ciwon. Ƙarar da ya yi ta sa kowa ya tsaya.

Inna Mairam ta fito da mayafin takaba. Ba ta kalle ni ba. Ta wuce wajen motar ta tsaya taku biyar daga taga.

"Malam Shu'ibu, kai ne haka?"

Baba ya ɗaga kai da ƙyar. "Mairam, na zo gaisuwar Buba. Ranar ba a bar ni na yi ba. Allah ya jiƙansa. Allah ya sa ya huta."

"Amin. Ya yi ta ambatonka."

"Ga yaron nan. Ku yi yadda kuka ga dama da shi, ko hukuma ko ku. Ban zo roƙo ba."

Ta juya ta dubi mutanen garin ta ce, "Wanda ya ƙara taɓa shi a gaban wannan bawan Allah, ban yafe ba. Ku bar shi ya kai ubansa gida." Wani yaro ya harbo mini makullin da ƙafa.

A hanya Baba ya ce in tsaya a kan gada. Ya kalli kogin ta tagar da babu gilashi, ya ce ruwan bana ya yi ƙasa da yawa. Shi ke nan abin da ya ce.

Laraba, 13 ga Mayu, da hantsi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba ya cika bayan asuba, kansa a kan cinyata.

Laraba, bayan la'asar

Mutum tara a jana'izar wanda ya raba wa rabin ƙasar nan iri. Sahu ɗaya, da tazara tsakanin kowa. Ban ga laifin kowa ba.

Asabar, 16 ga Mayu, da yamma

Kwana uku. Tabarmin da muka shimfiɗa a ƙofar gida babu wanda ya zauna a kansu sai ni.

Da azahar mai unguwa ya zo da saƙo daga dagacin su Zarami. An zauna a kan maganata. Wasu sun ce kotu, wasu sun ce a bar su da ni. Aka tambayi mai hannun. Ya ce kotu tana nan, ba ta gudu ba, bai janye komai ba. Amma yana da shinkafar rani kadada guda da ta nuna tana zuba, tsuntsaye jan-baki suna cinye ta, ga hadari ya fara haɗuwa, in ruwa ya sauka fadamar za ta cika. Ya ce wanda ya cire hannun shi zai zo ya yanke ta. Shi kaɗai, kada a taya shi. In kwana a bukkar gona, kada in shiga gari.

Na gaya wa Adila. Ta ce, "In sun kashe ka a can fa?" Na ce ban sani ba. Ta tashi ta ɗaure mini gari da ƙuli-ƙuli a leda. Ta ce ita za ta koma gidansu, in na dawo a yi magana. Ba ta ce in na dawo za ta dawo ba.

Talata, 19 ga Mayu, kafin a sha ruwa

Kwana biyu a gonar. Ban taɓa riƙe lauje ba sai jiya. Tafin hannuna ya yi ƙuraje, sun fashe, ƙotar laujen tana manne da nama. Na yanke yatsa sau biyu. Ga azumi, ga rana, ga laka har ƙauri. Jiya na faɗi a kan kunyar gona, na farka na tarar babu wanda ya matso.

Zarami yana zuwa tun da hantsi. Yana zama a kan kunyar can nesa, ƙarƙashin wata giyayya, dungulmin a kan gwiwarsa, yana kallo. Jiya bai ce uffan ba sai zagi guda ɗaya da ya haɗa da ni da Kano. Yau ya ga ina finciko damin ina zubar da ƙwayar a ƙasa, ya miƙe tsaye.

"Kai! Haka ake yi? Kama ta ƙasa. Ƙasa, na ce! Ka ja laujen wajenka, kada ka sara, ba mutum ba ce."

Na kama ta ƙasa. Na ja. Ta yanku.

Ya koma ya zauna. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Na ji tsohon ya tafi."

Na ce, "Ranar Laraba."

"Allah ya jiƙansa. Shi mutumin kirki ne."

Na ce amin. Na buɗe baki zan ƙara wata magana, ya ɗaga hannun da ya rage masa.

"Kada ka roƙe ni komai. Ko kwata ba ka yi ba. Ga hadari can ta gabas. Gobe in same ka a ciki kafin rana ta fito."